Babi na Biyar: Me Ya Sa Ƙauye Ya Yi Tsit?

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Mata ya san ba a nan ake neman hutun kunne ba. Tun kafin rana ta fito 'yan a-daidaita-sahu sun fara ham, masu ɗaukar dila sun nufi Kantin Kwari, motocin marasa lafiya suna kutsawa Asibitin Murtala. Ranar da Kano Pillars ke da wasa a filin Sani Abacha kuwa, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ji mutumin unguwar nan, musamman wanda furfura ta fara keto masa, yana cewa da zarar Allah ya hore masa zai tattara ya koma ƙauye: ya sayi 'yar gona, ya ɗaure tumaki a turke, ya kwanta bayan isha'i, zakara ya tashe shi da asuba. Ana faɗar wannan magana a majalisa, ana faɗarta a wajen ɗaurin aure, kuma masu faɗarta da gaske suke.

Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. Wane irin shiru ne wannan da muke kwaɗayi, kuma me ya kawo shi? Wanda ya je ƙauye ta'aziyya ko biki, ya kwana ya juyo, zai ɗauka shiru halin ƙauye ne tun fil'azal. Wanda ya shekara a can ya san shirun watan Yuli daban, na watan Maris daban.

Dangin mahaifiyata manoma ne a wani ɗan gari a kudancin Kano, wanda in ka sauka daga kwalta sai ka hau babur, mota kuwa ba ta shiga sai ranar kasuwa. A can na san damina. Ruwan shuka yakan sauka tsakanin ƙarshen Mayu da Yuni, kuma washegarin ranar da ƙasa ta jiƙu, gari gaba ɗaya yana gona: magidanci a gaba da sungumi yana sara, yara a bayansa da ƙoƙon iri suna jefawa suna rufewa da diddige. Gero ake fara shukawa, a bi shi da dawa, wake kuma sai daga baya a soka shi a tsakani. Daga nan babu sauran zama. Ba a gama noman firi ba ciyawa ta sake tasowa, a shiga maimai, a yi huɗa, mai shanu da garmarsa, marar shanu da ƙarfin ƙugunsa. A gidajen da gandu bai watse ba, 'ya'ya maza suna aikin gonar gida daga safe zuwa azahar, da la'asar kowa ya nufi gayaunarsa.

In ka ratsa garin da hantsi a irin wannan lokaci, abin da za ka ji bai wuce lugude daga bayan danga ba, da kukan ɗan akuyan da aka ɗaure don kada ya shiga shuka, da tarin wani tsoho a zaure yana tufkar igiya. 'Yan mata suna wucewa ɗai-ɗai da ƙwaryar fura a ka, za su kai gona. Wannan shirun mutanen da aiki ya ɗauke ne. Da magariba za su dawo, tsakar gida ta cika, a ci tuwo tare, yara su fita dandali in akwai farin wata.

Kada mai karatu ya ɗauka damina lokacin jin daɗi ce. Ita ce lokacin da aiki ya fi yawa, abinci kuma ya fi ƙaranci. Kafin Agusta rumbuna da yawa sun yi ƙasa, uwargida ta fara ƙara tafasa da rama da zogale a cikin abin da za a ci don ɗan hatsin ya kai, sauro ya yi yawa, zazzaɓi yana kayar da yara. Wannan ne ya sa ranar da aka fara gasa tumu take da daraja a gidan manomi. Yaro ya riƙe zangarniyar gero mai zafi yana murzawa a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya watsa a baki, uwarsa tana kallonsa ta san an tsallake ta bana. Gero yakan nuna cikin wata uku, dawa sai wajen Nuwamba. A girbe, a ɗaure dammuna, a fitar da zakka dami ɗaya cikin goma, a zuba saura a rumbu, a ɗora harawa a kan bishiya saboda dabbobi. Kaka ce lokacin aure da dambe da kokawa, lokacin da kuɗi ke zagayawa a gari, mahauci ya yi yanka ya sayar kafin azahar.

Sai kuma wata safiya ta hunturu a ga samari a bakin hanya da 'yan jakunkunansu.

Mu a birni mun san su, ko da ba mu san sunayen garuruwansu ba. Su ne 'yan ga-ruwa, su ne masu yankan farce da masu tura baro, su ne 'yan dako a Kwari da Singa da Sabon Gari, su ne leburorin da ke kwaɓa siminti, su ne masu gadi. Da dare suna kwana a barandar kantuna. Da yawansu acaɓa suke yi, har aka hana shi a Kano a watan Janairun 2013, sai suka ƙara gaba zuwa Abuja da Legas da Fatakwal, can ma ana korar su daga titi zuwa titi. Garin da suka baro kuwa, daga Janairu zuwa Mayu sahun asuba ba ya cika. Matan aure suna jiran ranar kasuwa su aika yaro shagon cirar kuɗi ya duba ko an turo wani abu. In aka yi rasuwa, sai a rasa isassun majiya ƙarfin da za su haƙa kabari, sai an nemo daga maƙwabta. Baƙon da ya zo daga birni a wannan lokaci shi ne yake komawa yana ba da labarin natsuwar ƙauye.

Za a ce ai ci-rani tsohon abu ne. Haka ne. Malamai sun yi shi da almajiransu, fatake sun yi shi da ayarin jakuna. Amma a da mai tafiya yakan tafi da haja ko da sana'a a hannu, wanda ya zauna gida kuma yana da abin yi tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Shaidar haka tana nan a unguwarmu, a bakin titi, kowa yana wuce ta.

Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ne wurin da ake kai duk baƙon da ake so a nuna wa tsufan Kano. Rijiyoyin da ke aiki a yau kaɗan ne, mafi yawa sun cike. A bakin masu aikin za ka ga marini zaune, hannunsa cikin ruwa. Baba da toka da katsi ne aka jiƙa, aka bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da muciya har kumfa ta taso. Ya tsoma ƙyalle ya ɗago shi kore-kore, ya riƙe shi a iska, kana kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda yake so.

Na tambayi wani dattijo a cikinsu, na ce, "Baffa, baban da kuke zubawa daga ina yake zuwa?"

Ya ce, "Daga ƙauye mana, ɗan nan. Ka ga gonar baba a bakin titin nan? Da har nan ake kawo mana shi a kan jaki. Yanzu sai mun aika an nemo, masu shuka shi sun yi ƙaranci."

Karofin nan kamar ganyen rogo yake: shi ido yake gani a sama, nauyin kuwa yana binne a ƙasa. Kafin ƙyalle ɗaya ya iso bakin rijiya, ya bi ta hannaye da dama, kuma kusan dukkansu na karkara ne. Manomi ya shuka auduga da baba a gefen hatsinsa. Mata su gurje audugar su cire anguryarta, su shiɓe ta, su zauna da mazari da taskira da ɗan alli a yatsa suna kaɗi, tsohuwa ta samu na goro da na gudummawar biki ba tare da ta roƙi kowa ba. Masaƙi ya sayi zaren ya kafa masaƙarsa a gindin bishiya, ya saƙa ƙyallaye sirara. Maɗinki ya haɗa su. Shi baban a yanke shi, a daka, a dunƙula, a shanya. Rijiyar kanta da laso ake shafe ta, wanda ake haɗawa da katsi da dafara da gashin dabba, duk kayan daji da na turke. Bayan rini kuma ga mabuga, suna dukan tufa a kan gungume har ta yi sheƙi, ana jiyo su daga bayan gari. Duk waɗannan ayyukan rani ne. Garin da ake yin su ba ya yin tsit a watan Maris.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin a kan mutum 30,000, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su Tambutu da Murzuk da Gat da Tarabulus da Barno. Abin da ya fi burge shi shi ne sana'ar a cikin iyali take, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba, inda ya san halin ƙuncin da ma'aikata ke ciki. Birnin mutum 30,000 ba zai tufatar da wannan faɗin ƙasa shi kaɗai ba. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya bi diddigin sana'ar, ya nuna cewa a ƙarni na 19 yawancin rijiyoyin rini na ƙasar Kano a garuruwan karkara suke, musamman na kudu, irin su Kura da Dal da Zarewa. Rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa har shuɗinsa ya kama fatarsu, ɗan Kura ake ce masa, kuma daga Kura ake ɗaukar sa zuwa Agadas da abin da ya yi gaba.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ba shi da kyau ba. Wani kaso na audugar da baban da hatsin nan bayi ne suka noma shi a rinjin sarakuna da attajirai, irin waɗanda aka yi a Fanisau, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan dawowar wannan. Abin da nake so a gani shi ne ƙauyen Kano bai taɓa zama wurin noma kaɗai ba. Manomin da ya ajiye fartanya a kaka masaƙi ne, ko marini, ko maƙeri, ko majemi, ko falke.

Akwai kuma wata igiyar da ta ɗaure birni da ƙauye, wadda tsofaffin unguwar nan suka gani da idonsu. Da rani jakuna suna shigowa ta ƙofofin birni ɗauke da itace da hatsi da kara, su fita da mangala cike da taki: toka, da kashin dabbobi, da sharar gidaje. Michael Mortimore da abokin aikinsa sun wallafa bincike a kan ƙauyukan kewayen Kano a 1965, kuma abin da ya ja hankalin masana shi ne ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, a wurin da mutane suka yi yawa ƙwarai, amma ƙasar ba ta mutu ba. Taki ne ya riƙe ta, da kiwon turke, da cuɗa hatsi da wake, da barin itatuwa irin su gawo da ɗorawa da kuka a cikin gona. Gawo ma abin a tsaya a duba ne: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'yan da dabbobi ke ci. Manomin Kano ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Har yau ana sayen sharar birni a tifa a kai gona, sai dai yanzu rabinta leda ce, sai manomi ya sa yara sun tsince.

To me ya tsinke igiyar? Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912. Burinsu auduga ce don masaƙun Ingila, amma ba su samu yadda suke so ba, saboda masaƙan ƙauyukan Kano suna sayen ta da tsadar da kamfanin Turawa ba ya iya biya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfin sana'ar a lokacin. Gyaɗa ce ta karɓi hanyar jirgin, don ita ce ta fi saurin ba manomi kuɗin haraji, har aka kai ga dalar gyaɗa da arzikin su Alhassan Ɗantata. Jirgin da ya tafi da gyaɗa kuma ya dawo da akoko da atamfa masu araha. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da ake haɗawa a masana'anta, wanda ba ya jiran damina kuma ba ya buƙatar rijiya. Ba a rana ɗaya abin ya mutu ba. A hankali mazari ya koma ƙarƙashin gado, masaƙi ya tsufa ɗansa bai gaje shi ba, ayarin fatake ya zama labari. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma yi bincike a karkarar Kano, ta kwatanta shekarar 1900 da 1970 a littafinta na 1977, ta ga cewa fatauci da sana'o'in da suka riƙe ƙauye sun tattare sun koma birni, aka bar manomi da gona kaɗai.

Masaƙun zamani sun zo, irin ta Kaduna a 1957, daga baya na Bompai da Sharaɗa da Challawa, amma a birni aka kafa su, su ma kuma yawancinsu sun rufe. Yau yadin da ya cika Kantin Kwari, 'yan taku kaɗan daga karofi, mafi yawansa daga Sin yake zuwa. Gyaɗar ma fari na 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975 suka karya ta, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Abin da ya rage wa ɗan ƙauye shi ne wata huɗu na ruwa, da wata bakwai ko takwas na neman abin yi.

Wanda yake shakkar cewa rashin aikin rani ne ke kwashe mutane, ya hau mota ta hanyar Zariya ya sauka a Kura a watan Fabrairu. Tafiyar ba ta da nisa. Rininta ya ja baya kamar na ko'ina, amma Kura ta samu abin da ya maye gurbinsa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta kuma yana gangarowa da kansa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A lokacin da sauran ƙasar Kano ta yi fari fat, nan kore take shar: alkama, tumatir, albasa, masara, shinkafa. Injinan casa suna ruri tun safe, mata suna turara shinkafa a manyan tukwane suna shanyawa, manyan motoci suna lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan zuwa kudu. Samarin wasu garuruwa nan suke zuwa ƙwadago. Kura ba ta da shirun da mutumin birni ke nema, amma 'ya'yanta da yawa a gida suke kwana.

Ruwan bai zo kyauta ba. Tare kogi a sama ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a can, masunta da manoman ƙasa suka ɗanɗana. Manomin tumatir ma bai huta ba. In amfani ya yi yawa farashi ya faɗi har a zubar a bakin hanya, a 2016 kuma tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta rasa abin niƙawa. Duk da haka, in ka ba magidanci zaɓi tsakanin wahalar lambu a gaban iyalinsa da kwana a barandar kanti a Legas, na san wanda zai ɗauka.

A garin da babu ruwan rani, nisa yana da farashin da baƙon kwana ɗaya ba ya gani. Manomi yana sayar da hatsinsa a kaka, lokacin da ya fi araha, don ga bashin taki, ga aurar da 'ya, ga rufin ɗaki. Hatsin ya tafi rumbunan 'yan kasuwa a Dawanau, sannan a watan Yuli ya dawo masa da tsada. Wanda ya rasa na saye ya ci bashin dami ɗaya ya biya biyu a kaka, abin da malamai suka daɗe suna cewa riba ce, yunwa kuma ba ta bari a daina. Gona tana raguwa da kowane rabon gado. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kai buhu kasuwa da na kai marar lafiya asibiti duk sun yi tashin gwauron zabi.

Mafi tsanani shi ne dare. Mace ta fara naƙuda, unguwar zoma ta yi iya yinta abin ya gagara, ɗakin shan maganin garin a rufe yake ko babu kowa a ciki. Sai a nemo mai babur, a zaunar da ita a tsakiya wata ta riƙe ta a baya, a bi hanyar da ruwa ya zaizaye har a kai kwalta, a tsaya jiran mota. Wasu suna isowa manyan asibitocin birni da sauran numfashi, wasu a hanya ake juyawa da su. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Mu da muke tafiya asibiti da ƙafa daga Ƙofar Mata ya kamata mu riƙa tuna wannan in muna yabon ƙauye.

Kuma abin yabon yana nan, ban rage shi da komai ba. A garin dangin mahaifiyata ba a barin mutum ya kwana da yunwa in an sani, kuma da wuya a kasa sani. Wanda ciwo ya kayar da damina, ana yi masa gayya a nome gonarsa. Yaro ɗan kowa ne, duk babban da ya gan shi yana ɓarna zai tsawata masa. Saɓani yana ƙarewa a zauren mai unguwa ko na dagaci kafin ya kai ga 'yan sanda. Baƙo yana shan ruwa ya ci abinci kafin a tambaye shi daga ina. Waɗannan abubuwa ne da birni ya yi sakaci da su, kuma su ne ainihin abin da zuciyarmu ke nema in muna maganar ƙauye. Amma mutane ne suke riƙe da su. Gayya tana buƙatar samari, tarbiyya tana buƙatar uba a gida. Garin da mazansa ke tafiya rabin shekara yana rasa su kaɗan-kaɗan. A yammacinmu kuma, a yankunan Batsari da Jibiya da Faskari na Jihar Katsina, 'yan bindiga sun mai da wasu ƙauyuka kufai, mutanensu suna gudun hijira a garuruwan da ba su da gona. Wannan masifa tana da nata babin a gaba.

Akwai abin da muke yi mu mutanen birni da yake ƙara dagula lamarin. Mai kuɗi ya sayi gonar da magada suka kasa riƙewa, ya zagaye ta da katanga, ya sa mai gadi, ya riƙa zuwa ranar Lahadi shan iska. A Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu, gonakin da suka ciyar da birni shekaru aru-aru sun koma filayen awon igiya. Ba na cewa haramun ne mutum ya sayi gona. Amma wanda ya shiga gari da jarinsa, in ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa injin hasken rana, ko ya kafa injin casa, ko matsar man gyaɗa, ko turken kiwo, har samari biyar suka fasa tafiya a ranin bana, ya zama ɗan gari. Wanda ya kawo katanga kaɗai ya rage wa garin gona ne, bai ƙara masa komai ba.

Babban aikin dai na hukuma ne, kuma ba daga tushe za a fara ba. Ban da Tiga, ƙasar Kano tana da Bagauda da Watari da Tomas da Gari da Kafin Ciri, da Challawa da aka kammala a 1992, da wasu ƙanana da dama. An riga an kashe kuɗin tare ruwan. A wurare da yawa abin da ya rage shi ne yashe magudanai, da shimfiɗa sababbi, da hanyar da mota za ta bi ta ɗauko amfani, da ma'aikaciyar jinya da za ta kwana a garin. Baba da auduga ma ba su ƙi ƙasarmu ba, masu sayen rinin gargajiya kuma suna nan a gida da waje. Attajiran Kwari da suke aika kuɗinsu Sin suna iya sa kaɗan daga ciki a gonakin Kura da Rano. Kai kuma mai karatu, ko a birni kake ko a ƙauye, in ɗan takara ya zo neman ƙuri'arka, ka tambaye shi kadada nawa za a ba ruwa a ranin baɗi, kuma a wane gari.